Ranar da Saje Isyaku Ya Hana Ɗansa Kaki

Akwai wani tsohon ɗan sanda a Gyaɗi-Gyaɗi, ana ce masa Saje Isyaku, ko da yake ya daɗe da barin aiki. Labarinsa ya fara ne ranar Talata, tara ga Mayu, shekarar 2000, da ƙarfe sha ɗaya na safe, sa'ad da ɗansa Sani ya shigo ya jefar da takalman gudunsa a tsakar gida.

Lokacin sojoji sun koma bariki, ana ta ɗibar sababbin 'yan sanda. Sani ya ci awon tsayi, ya ci na ƙirji, a gudu kuwa babu wanda ya kamo shi. Likitan ƙwaƙwalwa ne ya tsayar da shi. Ya ce Sani ba ya samun barci, fushinsa kuma ya fi ƙarfinsa, sai an yi masa magani tukuna.

Saje ya san gaskiya ne. Tun da wasu masu kaki suka yi wa Sani dukan kawo wuƙa a wani shinge, ya zama wani mutum daban. Amma a gidan ba a ta da maganar, kada unguwa ta ce suna da mai taɓin hankali.

Uwani, mahaifiyar Sani, ta ce, "Malam, zaman banza ne ciwonsa. Aiki ne maganin. Ba Garba abokinka ne babba a wurin ɗibar ba? Ka je mana."

Ya je. Garba ya tarbe shi da dariya. "Tsohon Saje! Ɗanka ai ɗana ne. Ka ce a sa shi, in sa shi. Likita me ya sani a aikin ɗan sanda?"

Saje ya kau da kai. Ta taga yana hangen wani kurtu a bakin ƙofa, yana wasa da bindiga kamar sandar kiwo. Ya tuna nauyinta a kafaɗa, da yadda kunamarta ba ta da nauyi ko kaɗan.

Ya ce, "Garba, bar shi yadda likita ya ce."

Da ya koma gida bai ɓoye ba. Uwani ta ce, "Uban wani yana ɗaga ɗansa, kai kana danne naka." Ta kwashe kayanta ta tafi gidan yayanta a Ƙauyen Alu. Sani ya daina gaishe shi. A majalisa aka ce tsoho ya yi wa ɗan cikinsa baƙin ciki, shi ma sai ya daina fita. Yakan zauna a soro shi kaɗai, rediyo a gefensa a kashe, tuwon saye yana hucewa a gabansa.

Haka damina ta wuce.

Wata rana bayan la'asar Sani ya shigo soron, rigarsa a yage. Ya durƙusa.

"Baba, wani ɗan acaɓa ne ya goge ni a Unguwa Uku. Ko ciwo ban ji ba. Ban san lokacin da na shaƙe shi ba, sai da mutane suka ɓamɓare ni da ƙyar. Baba, ina ta laluben ƙuguna. Da a ce akwai makami a wurin..."

Bai ƙarasa ba. Saje ya matsa masa a kan tabarma.

"Zauna. Gobe sai mu je wurin likitan tare."

Ga waɗanda suka rage bayan nan. Saje Isyaku, a soronsa. Sani, yana shan magani, yana koyon kafinta a Tarauni, bai taɓa sa kaki ba. Uwani, wadda ta dawo amma ta daɗe ba ta huce ba. Da wani ɗan acaɓa da ba wanda ya san sunansa, wanda ya koma wa iyalinsa da ƙafafunsa a yammacin nan.

Darasi: Tsayi da faɗin ƙirji ba su ne ɗan sanda ba. Wanda za a damƙa wa bindiga, a fara duba lafiyar hankalinsa, ko ɗan wane ne. Alfarmar da za ka nema wa naka a nan, ran wani ce. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ɗa a layin ɗiba.