Kwalin da Malam Hambali Ya Hana a Yaga

"Mama, mutumin nan ɓarawo ne?"

Nusaiba ce, 'yata mai shekara biyar, ta jefo mini wannan tambaya a gaban mai gyaran waya, da ƙarfi kuwa, don ta ga na zare memori na ƙulle a bakin mayafi kafin in miƙa masa wayar. Mutumin ya yi dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Da muka koma gida sai wani labari ya faɗo mini a rai, kuma ina so ku ji shi, musamman ku 'yan'uwana mata masu juya ɗan jari da goyo a baya. Ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kira sunansa ba. Malam Hambali ake ce masa, mai gyaran kwamfuta. Ba shi da shago. Tebur ɗaya gare shi a ƙarƙashin rumfar Alhaji Namadi, babban dillalin kayan kwamfuta na layin. Ba ya yawan magana, ba ya kiran ciniki, kuma idan ya buɗe kwamfuta sai ya daɗe yana kallonta kafin ya taɓa. Wannan shirun nasa shi ya sa mutane da yawa ba su yarda da shi ba.

A garin akwai wata mata, Kubura, mai 'ya'ya uku. A zauren gidansu take buga wa mutane takardu da wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, da ita take cefane idan mijinta direba ya yi nisa. Wata makarantar unguwa ta ba ta aikin buga takardun jarrabawa, aka ce ranar Alhamis za a karɓa, in ba ta gama ba a kai wa wani. Ranar Litinin da safe ta danna makunnin kwamfutar, fanka ta juya, sikirin ya ƙi kawo komai. Ta sake dannawa. Baƙi ƙirin.

Ta kira ƙanenta Sagir, wanda a gidansu shi ake wa kallon masanin kwamfuta. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Yaya, madabod ne ya mutu."

"Mene ne kuma haka?"

"Babban faifan da ke ciki, wanda duk sauran kayan suke zaune a kansa. Amma kin yi sa'a wallahi. Sababbi sun shigo satin nan!"

To, ku ji yadda garin yake a lokacin. Alhaji Namadi ya sauke sababbin madabod iri huɗu, daga ƙarami har babba, kuma samarin da ke son harkar kwamfuta duk sun rikice. A guruf ɗinsu na waya ba a maganar komai sai su. Wannan ya ce fitilun jikinsu kala bakwai suke canzawa. Wancan ya ce kuɗin ya yi yawa, fashi ne da rana. Wani ya rantse na bara ne aka canza wa hula, aka taru aka yi masa ca. Babban cikinsu har suna suka sa masa, Damisa, saboda zanen jikinsa. Rabin masu musun nan ko a hannu ba su taɓa riƙe shi ba, a bidiyo suka gani. Sagir yana cikinsu.

Kubura mace ce mai taka-tsantsan. Ta sha jin yadda wasu masu gyara ke zare kaya mai kyau su mayar da ruɓaɓɓe. Don haka kafin su fita ta sa Sagir ya kwance murfin, ta ɗauko jan farcenta, ta bi duk abin da ta ga zai iya ciruwa ta ɗiga masa ɗigo a lungu. Sannan ta ƙulle duk jarinta, kuɗin takarda da na tawada, suka ɗora kwamfutar a Keke suka nufi kasuwa.

Alhaji Namadi ya tarbe su da fara'a. Kuɗinta bai kai Damisa ba, wanda ke bin ƙaramin ta iya saya. Yana miƙo kwalin, a naɗe cikin leda, ya nuna mata takardar da ke manne a bango.

"Hajiya, kin ga dokar shago. Kwalin da aka yaga ba ya dawowa."

Masu gyaran da ke cikin shagon duk layi ne a gabansu, sai Alhaji ya leƙa waje ya ce, "Malam Hambali, ga aiki. A ɗaura mata."

Kubura ta dubi mutumin, ta dubi teburinsa, tsofaffin wayoyi da sukurori a cikin gwangwanin madara. Zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta ja benci ta zauna daf da shi, ta sa wa hannuwansa ido.

Su samarin nan suna da wata al'ada: sabon kaya ba a buɗe shi sai ana ɗaukar bidiyo, a tura wa abokai su yi ta santi. Sagir ya saita wayarsa, wasu samari uku suka matso suna leƙe, ya sa farce zai farke ledar. Sai Malam Hambali ya ɗora tafin hannunsa a kan kwalin.

"Dakata, samari. Kada ka yaga tukuna."

"Baba, bidiyo nake ɗauka fa."

"Na gani. Bari in fara gaisawa da marar lafiyar."

Samarin suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba tsohon yayi ke nan. Tsoron sabon kaya yake ji, bai iya ɗaura shi ba." Wani ya ce, "Baƙin ciki ne kawai, so yake ya sayar mata da gwanjonsa."

Wannan magana ta biyu ta shiga kunnen Kubura ta zauna. Ta ce a ranta, lallai, ga inda aka dosa. Ta ƙara matsowa.

Malam Hambali bai tanka musu ba. Ya buɗe kwamfutar, ya yi kallon nan nasa mai tsawo, ya juya kwalin yana karanta bayansa. Sannan ya dubi Sagir.

"Wa ya ce maka madabod ɗin ya mutu?"

"Ai a bayyane yake. Ba ta kawo hoto."

"Ka gwada shi?"

Sagir ya girgiza kai.

"To ko da ya mutu, wannan na kwalin ba zai zauna da kayanta ba." Ya juyo wajen Kubura. "Malama, ki duba nan. Wannan ɗan murabba'in shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutarki. Gurbinsa a sabon faifan daban ne, ba zai shiga ba. Waɗannan dogayen guda biyu, ram ake ce musu, su ma tsagarsu ba ta dace da sabon ba. In aka yaga kwalin nan, sai kin sayi sabuwar ƙwaƙwalwa da sabon ram kafin ki ga haske, kuma kuɗinsu ya ninka abin da kika biya yanzu."

Kubura ta juya. Ta dubi ƙanenta. "Sagir, haka ne?"

Ya sosa ƙeya. "Yaya, a bidiyon dai da na gani, komai sabo suka sa."

"Komai sabo. Da kuɗin wa?"

Amma ku lura, har yanzu ba ta yarda da mai gyaran ba. Tana jiran ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zaro wani tsohon faifai ya ce ga mai sauƙi. Ta ce masa, murya a daƙile, "To Malam, kai me za ka sayar mini?"

"Ba ni da abin sayarwa, Malama."

Ya zare ram ɗin nan biyu a gabanta, ya laluba aljihu ya fito da kilinar goge fensir, irin ta 'yan firamare. Ya bi haƙoran ram ɗin masu ruwan gwal yana gogewa a hankali, ya hure gurbinsu da ɗan famfon iska, ya mayar har suka yi ƙas. Ya jona wuta ya danna. Fanka ta juya, aka ji ɗan ƙara tit, sai ga sikirin ya kawo, ga takardun jarrabawa a inda ta bar su.

Samarin suka leƙo. Ɗaya ya ce, "Kai, kilina?"

"Datti ne da tsatsa suka hana su taɓa juna," in ji Malam Hambali. "Shi ke nan ciwonta."

Kuna tsammani Kubura ta yi godiya nan take? Ina! Abin ya yi mata sauƙi da yawa, kuma abin da ya yi sauƙi tsoro yake ba ta. Ta sunkuya tana leƙa cikin kwamfutar, tana bin lungu-lungu. Malam Hambali ya matsar mata da fitila don ta gani da kyau.

"Jan farcenki yana nan duka, Malama, ɗigo biyar. Kin kyauta da kika sa, ki riƙa sawa. Sai dai kin manta wannan ɗan akwatin na ƙasa, kuma duk aikinki a cikinsa yake. Gobe shi za ki fara ɗiga wa."

Kunya ta rufe ta. Ta ce, "Malam, ka yafe ni."

"Ba ki yi mini komai ba. Kayanki kika tsare. Tashi mu mayar da kwalin tun ledarsa na nan."

A nan ne gwajin yake, ku saurara da kyau. Shi da kansa ya ɗauki kwalin ya shiga gaba. Alhaji Namadi ya juya shi sama da ƙasa yana neman inda aka taɓa, bai samu ba. Ga mutane suna kallo, ga dokarsa a bango. Ya mayar wa Kubura kuɗinta fuska a murtuke, sannan ya juya kan mai gyaran, bai ko damu da tana ji ba.

"Malam Hambali, la'adar da nake ba ku a kan kowane ɗaya ta yi maka kaɗan ne? Ga tsohon faifan ma naka zai zama. Kowa a layin nan yana ɗaurawa, kai ne waliyyi?"

"Alhaji, kayanka masu kyau ne, ban kushe su ba. Duk wanda zai haɗa sabuwa daga tushe, ni zan ce masa ya saya. Amma wannan baiwar Allah ba shi take bukata ba."

"Na tambaye ka abin da take bukata? A rumfata kake zaune, kana kore mini ciniki. Kafin la'asar ka ɗauke teburinka."

"To, Alhaji. Na gode da zaman da aka yi."

Sai a lokacin Kubura ta gane abin da mutumin nan ya ajiye a kan kwalin sa'ad da ya ɗora hannunsa: la'adarsa, da faifan da zai samu, da inuwar da yake zaune a ciki. Ta yi ta auna shi da ido tun zuwanta, shi kuwa wanda ya yi mata murmushi ya karɓi kuɗinta, ko sau ɗaya bai tambaye ta wace irin kwamfuta gare ta ba.

Kubura ta ce wa Malam Hambali ya faɗi ladan aikinsa, ya faɗi abin da bai kai kuɗin Keken da ya kawo su ba. Ta ƙara masa, ya mayar mata da ƙarin. Ita da Sagir suka kama masa teburin zuwa bakin titi, gefen mai gyaran takalma, inda rana ke dukansa tun hantsi. Ranar Alhamis ta miƙa takardun makaranta cif.

Ba zan ce muku Malam Hambali ya yi arziki bayan nan ba, don ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙarya a labarin mai gaskiya ba. Abin da na sani, ya zaɓi rana da halal a kan inuwa da cin amanar mace mai 'ya'ya uku, kuma Allah ba Ya mance irin wannan.

Darasin a fili yake. Mai amana shi ne wanda zai gaya miki ba kya bukatar abin da zai ci riba a kansa. Zargi ba laifi ba ne idan tsare haƙƙin yaranki kike yi, amma ki san inda za ki ajiye shi. Mu mun iya zargin mai shiru da tsohon tebur, mu saki jiki da mai sabon kwali da daɗin baki. Ku kuma masu sana'a, ku ji tsoron Allah a kan wanda bai san abin da kuka sani ba.

Ke da kike karanta wannan, ina gargaɗinki: gobe za a zo miki da wani sabon abu, kowa yana yabonsa, ana ce miki yi sauri kafin ya ƙare. Kada ki kwance bakin mayafinki, kada ki bari a yaga leda, sai wanda ya sani ya buɗe naki na hannu ya duba a gaban idonki. Duk wanda ya hana ki wannan dubawar, ko ɗan'uwanki ne, tashi ki bar wurin da kuɗinki.