Shunin da Ya Wanke Iya Kande

Ku gyara zama, wannan shari'ar ku za ku yanke ta.

A wata sakandaren kwana ta 'yan mata aka yi ɓarkewar gudawa. Shugabar makaranta ba ta binciki komai ba, ta tara ɗalibai ta nuna Iya Kande mai dafa abinci, ta ce ƙazantarta ce. Shekara ashirin tana hura wuta a gidan nan, aka ba ta kwana bakwai ta kwashe kayanta!

Malam Ɗanjuma mai koyar da kimiyya ba ya zuba wa ɗalibai amsa a allo. Da suka zo masa da kuka, sai ya ce, "'Yan mata, hawaye ba hujja ba ne. Wa ya gani? Ku je ku gano."

Furera ta bi marasa lafiya gado-gado, tana tambayar abin da kowacce ta ci da inda ta sha ruwa. Ta gano tuwo ɗaya kowa ya ci, amma masu shan rijiyar bayan ɗakin kwana kaɗai suka kwanta.

Hansatu ta tuna da madubin ganin ƙwayoyin cuta da shugaba ta kulle shekara uku, wai kada yara su lalata. Ta yini biyu a ƙofar ofis, ta sha zagi har da bulala, sai da aka ba ta mabuɗi. Ta ɗiga ruwan rijiyar, ta ga halittu suna motsi.

Shugaba ta taɓe baki ta ce, "Gugan Kande ne ya kai su."

Lantana, 'yar marina, ta aika gida aka kawo mata shuni. Ta narka bokiti huɗu ta juye a masai ɗin da ke kusa da rijiyar. Kwana biyu, aka ja ruwan rijiya a gaban kowa, ya fito shuɗi.

Aka rufe rijiya, cuta ta tsaya. Shugaba ko haƙuri ba ta bayar ba, cewa kawai ta yi wa Iya Kande, "Koma bakin aikinki."

Iya Kande ta zare zoben azurfar da marigayi mijinta ya sa mata tun suna saurayi da budurwa, wanda ko tuƙin tuwo bai taɓa raba ta da shi ba. Ta ce, "'Ya'yana, shi kaɗai na mallaka. Na wadda ta wanke min suna ne."

Zobe ɗaya, yatsu uku. To jama'a, a yatsan wace za ta sa shi?