Kiɗan da Kunnen Baban Yara Ya Kama

Akwai wata mata da kowa a layinsu ke kira Anti Nas. Shekara talatin tana aikin asibiti, da ta yi ritaya sai ta ce ita fiyano za ta koya. 'Ya'yanta suka yi ta dariya, wai tsufa ya zo da gardama.

Mijinta bai yi dariya ba. Shi ya nemo tsohon fiyano, aka ajiye shi a falo tsakanin taga da kantar littattafai. Tun yana saurayi yake son wannan kiɗa, ya ce kafin ya mutu sai ya ji shi daga hannun matarsa.

Shekara guda tana zuwa wurin wani malamin kiɗa da ɗalibai suka laƙaba wa Malam Sannu, don kalmar ba ta barin bakinsa. Ta kai mataki na biyu cikin takwas.

Sai ga abin da ba a zata ba. Wata safiya butar shayi ta tafasa tana ta ƙara kamar fito a kicin, Baban yara yana zaune dab da ƙofar, ko motsi bai yi ba. Anti Nas ta tsaya tana kallon ƙeyarsa.

Likita bai ɓoye musu komai ba. Jijiyar kunnen ce ke mutuwa. Wata uku, wataƙila huɗu, daga nan sai shiru.

Washegari ta isa wurin malami ko gaisuwar kirki babu. Ta wuce kabad ɗin takardun kiɗa ta zaro wata daga mataki na shida, shafi biyar, baƙa ƙirin da alamomi.

"Wannan zan koya. Irinsa Baban yara yake so, mai gudu kamar ruwan sama."

Malam Sannu ya duba takardar, ya dubi yatsunta.

"Anti, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wannan aikin shekara biyu ne. Ga wani nan, rabin shafi, sati uku kin gama."

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Kiɗan yara? Malam, ni da na sa wa jariri ruwa a jijiya cikin duhu, takarda ce za ta gagare ni?"

"To mene ne na gaggawar?"

Ba ta faɗa masa ba. Girman kai da tsoro suka haɗu suka rufe mata baki. Ta naɗe takardarta, ta daina zuwa darasi ma gaba ɗaya.

Jama'a, matar nan ta sha wuya. Safe da yamma tana kan kujerar fiyano. Hannun dama ya ruga, na hagu ya tsaya yana kallo. Sati bakwai, layi huɗu kacal ta iya, su ma da tuntuɓe. Wuyan hannunta ya kumbura, tana ɗaurewa da bandeji tana ci gaba.

Kullum Baban yara yana kujerarsa yana murmushi yana gyaɗa kai. "Da kyau, Likitata," in ji shi. Haka yake kiranta tun suna amare.

Ranar da tsoro ya kama ta sosai, jikarsu ce ta kira a waya. Wayar na kan cinyarsa tana ta ƙara, shi kuwa yana karanta jarida. Anti Nas ta duba kalanda. Saura sati biyar cikin wata ukun. Ta shiga bayan gida ta buɗe famfo ta yi kuka, sannan ta tuna ba sai ta buɗe famfon ba, ai ba zai ji ba. Wannan ya fi komai tsorata ta.

Ta koma wurin Malam Sannu da kumburarren hannu, ta zayyana masa komai. Bai ce mata "ai na faɗa miki" ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Me yake ji har yanzu?"

Ta yi tunani. "Ba ya jin waya, ba ya jin buta. Amma yana jin babbar mota in ta wuce, da muryar ƙaninsa."

Malam ya danna maɓallan can ƙarshen dama, suka yi ƙara siririya. "Kiɗan da kika zaɓa duk a nan yake zaune." Ya koma ɓangaren hagu ya danna, ɗakin ya ɗauki gurnani mai kauri. "Wanda kika kira na yara kuma a nan yake."

Ita da ta yi shekara talatin a asibiti, ta san siririyar ƙara ce ke fara ɓacewa, amma tsoro ya mantar da ita.

"Ba ni rabin shafin nan, Malam. Ka yafe mini."

Kwana goma sha takwas ta yi a kan rabin shafin nan, sannu a hankali, layi bayan layi.

Wata yamma ta jawo kujerar mijinta har jikin fiyano, ta ɓangaren hagu. Ta ɗora yatsunta a kan maɓallan. In ta buga bai ji ba fa? In ta riga ta makara?

Ta fara. Ba ta yarda ta dube shi ba har ta kai ƙarshe. Da ta juyo, murmushin nan na kullum babu shi. Ya dafa katakon fiyanon, hawaye na bin gemunsa.

"Wannan na ji shi," ya ce. "Wancan da kika yi ta fama da shi, wallahi yatsunki kawai nake kallo. Ban so in karya miki gwiwa ba ne."

Ta riƙe hannunsa.

"Sake buga mini, Likitata. Tun ina ji."

Ta sake. Sau tara ta buga masa a ranar.

Darasi: Ɗauki abin da hannunka zai iya kaiwa ƙarshe, domin ƙaramin abu da aka kammala ya fi babban da ya tsaya a hanya. Kuma in tsoro ya kama ka, faɗa wa wanda ya san aikin gaskiya, kada girman kai ya cinye maka kwanakin da ba za su dawo ba. Tura wannan labari ga duk wanda ka san yana neman tsallake mataki.