Ranar da Aka Kira Barkono Bai Amsa Ba

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku saurara. An yi wani mutum, ɗan majalisa a ɓangaren adawa, wanda jama'a suka laƙaba wa suna Barkono. Idan ya miƙe ya jawo makirufo gabansa, sai ka ga ministoci suna laluben hankici. Ba ya zagi, ba ya ihu. Tambaya kawai yake jefawa, ya tsaya yana kallon mutum har gumi ya karyo masa.

Maraya ne. Yayarsa ce ta raine shi, ta yi ta ɗinki da wani tsohon keke har idonta ya raunana, don dai ya yi karatu. Ko bayan ya zama babban mutum, ba ya hawa kujera idan tana zaune a tabarma.

Tsakanin mazaɓarsa da babban asibiti akwai wata tsohuwar gada. Ƙafafunta sun tsattsage, ƙarafan ciki sun leƙo sun yi tsatsa, idan babbar mota ta hau sai ka ji tana rawa. Gwamnati ta yi shelar an gyara ta, alhali fenti kawai aka shafa mata. Yayar nan kuwa ɗa guda Allah ya bar mata, direban bas ne, kullum ta kan gadar yake bi.

Wata rana ta ce masa, "Auta, ban taɓa roƙonka komai ba. Gadar nan za ta ci mutane. Ka tambaye su."

Ya ce, "An gama, Yaya. Ranar ki zo da kanki ki ji."

To, majalisar tana da ƙa'ida. Idan ɗan majalisa ya shigar da tambaya, ana sa mata rana, kuma dole minista ya tsaya ya amsa a gaban kowa. Ranar, kakakin majalisa zai kira mai tambayar har sau uku. In bai miƙe ba, tambayar ta faɗi ke nan, ba a sake ɗaukarta sai wani zangon. Barkono ya shigar da tasa, aka sa rana. Ministan ayyuka ya san in aka yi tambayar nan, tilas a rufe gadar, kuma asirin fenti zai tonu.

Amma ya 'yan uwa, kowa da ƙofar da Shaiɗan ke shigo masa. Barkono ba ɓarawo ba ne. Ciwonsa son girma. Shekara da shekaru yana wani ɗan ofis kusa da banɗaki, babu taga, su biyu a tebur ɗaya. Yana gani yaran da suka zo bayansa ana buɗe musu ƙofar mota ana sara musu. Yana yi musu dariya a fili, amma abin yana cinsa a rai. Ministan kuma ya gano haka.

Da safiyar ranar tambayar, ministan ya tarar da Barkono a ɗakin shan shayi na majalisa, ya ja kujera ya zauna kusa da shi.

Ya ce, "Ɗan uwa, ban ce ka yi ƙarya ba, ban ce ka janye ba. Shayinka kawai za ka sha a hankali. Kwamitin ayyuka yana neman shugaba. Gadar kuwa ni da kaina zan sa a gyara, ba sai mun tozarta juna ba."

Kun ji tarkon? Ba a ce ya yi komai ba. An ce ne kada ya yi. Sai zuciya ta fara yi masa huɗuba: ai in ka zama shugaban kwamiti, ka fi iya gyarawa daga ciki. Ai shiru ba ƙarya ba ne.

Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya shiga zaure. Akwai lasifika a bangon ɗakin shayin, duk abin da ake yi yana ji. Ya ji kakaki ya kira shi. Ya ci gaba da juya cokali a kofi, alhali sukarin ya daɗe da narkewa. Aka sake kira. Wayarsa ta yi ta ruri, abokansa na adawa suna nemansa, ya kifar da ita a kan tebur. A can barandar baƙi, yayarsa ta sha sabon mayafi, ta leƙo tana murza ido tana neman ƙanenta a kujerar da babu kowa. Aka yi kira na uku. Kakaki ya buga guduma, 'yan ɓangaren gwamnati suka hau dukan tebura suna shewa.

Da Barkono ya fito ya ce wa yayarsa cunkoson hanya ne ya tsare shi. Ita kuwa tun da safe ta ga motarsa a harabar majalisa. Ta dube shi ta ce, "To, Allah ya kyauta." Ta tafi.

Ya samu kwamiti. Ya samu ofis mai darduma da taga, ya samu mai buɗe masa mota. Duk sanda ya tuna wa ministan gada, sai a ce ana kan nazari. Ya ɗaga murya? Da wane bakin? Sun riga sun san farashinsa.

Damina ta sauka. Wata safiya, kogi ya cika, gadar ta karye a tsakiya. Bas ɗin ɗan yayarsa na kai, cike da 'yan makaranta da mata masu zuwa awo asibiti. Wasu an tsamo gawarsu, wasu har yau ba a gan su ba. Direban yana cikin waɗanda ba a gani ba.

Majalisa ta yi zaman gaggawa. 'Yan adawa suka taso da zafi, yau sai sun ga bayan minista. Sai ministan ya miƙe, ya gyara murya, ya ce, "Mai girma kakaki, da an ja hankalinmu, da mun rufe gadar. An sa wa tambayar rana, na zo da shirina. An kira mai ita sau uku. Ina ya shiga?"

Duk ƙasa tana kallo a talabijin. Wanda ya ce masa ya sha shayin, shi ne ya tona masa asiri. Barkono ya buɗe baki, amma me zai ce? Ya ce an saye shi?

Jam'iyyarsa ta kore shi, aka karɓe kwamiti, aka karɓe mota. Bala'in bai tsaya kansa ba, domin labarin shayin da ya zauna sha ranar ya bazu. Daga ranar, duk ɗan adawar da ya miƙe zai yi tambaya, sai a yi masa ihu daga ɗaya ɓangaren: "Je ka sha shayi!" Haka bakin masu gaskiya ya mutu saboda mutum ɗaya, gwamnati ta ci gaba da yin abin da ta ga dama.

Ya je ta'aziyya, yayarsa ta ce kada a bar shi ya shigo. Baƙin ciki ya kwantar da ita, ba ta ƙara tashi ba. Da ciwon ya yi tsanani, ya kutsa ɗakin, ya durƙusa a bakin gadonta yana kuka, yana cewa, "Yaya, ki yafe mini." Ba ta zage shi ba, ba ta tsine masa ba. Ta juya fuskarta ga bango. A haka ta cika.

Ya 'yan uwa, wannan labari yana karya mini zuciya, domin mutumin yana nan da rai, yana sallah, yana kuka, yana istigfari. Amma kun san haƙƙin Allah daban, haƙƙin bayi daban. Haƙƙin bawa ba ya sauka sai mai shi ya yafe. To wa zai je ya roƙa? Yayar da ke kabari? Yaran da ruwa ya tafi da su, waɗanda ko sunansu bai sani ba?

Kada wani ya ce ni ba ɗan majalisa ba ne. Duk wanda aka ɗora wa amanar magana, a wurin aiki ne, a unguwa ne, a cikin gida ne, ya kuma yi shiru don kujera ko don kada a ɓata da shi, ya ci amana. Ɓoye shaida zunubi ne ko da harshe bai motsa ba. Akwai ranar da za a tsayar da kowa a tambaye shi, kuma ranar babu ɗakin da mutum zai fake.

Ya Allah, kada ka bar mu da son zuciyarmu. Ka ba mu ikon faɗin gaskiya a lokacin da take da amfani. Kada ka ɗauki ranmu da haƙƙin wanda ba za mu iya samu mu roƙa ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu. Amin.