Zaren da Auta Ta Ƙi Kira Auduga

Akwai wata jami'ar kwastam da ke aiki a ofishin tantance kaya na tashar jiragen ruwa. A gida Auta ake ce mata. A wurin aiki kuwa Mai Ashana, don ba ka raba teburinta da kwalin ashana da wani ɗan farantin tangaran mai tsagaggen baki.

Aikinta ta duba kaya ta faɗi rukunin da suka faɗa a kundin haraji. Zare yana da ƙa'idarsa. In auduga ta kai kashi tamanin da biyar cikin ɗari, rukuninsa daban. In ba ta kai ba, sunansa gauraye, lambarsa daban, kuma da wannan sunan zai shiga kasuwa.

Auta tana da yaya ɗaya, babban ɗan kasuwar zare. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya mata har ta gama karatu. Mutumin kirki ne, amma akwai ji da kai a kan sana'a. Ba ya gwada zare. Sai dai ya goga shi a kumatu, ya lumshe ido, ya ce auduga ce. Haka ya ga mahaifinsu yana yi, ya manta a zamanin tsohon ba a iya sirka zare da roba yadda kumatu ba zai gane ba.

Wata rana kwantenar Yaya ta iso, kuma ta faɗo a teburin Auta. Ya shigo da fara'arsa, ya ajiye mata dunƙulen zare fari sol.

"Auta, sa min hannu in wuce. Masu saƙa safar hannu ta ma'aikatan gidan burodi suna jirana. Auduga zalla suka ce, ita na kawo."

Auta ta tsinke zaren kamar tsawon yatsa, ta ɗora a faranti, ta ƙyasta ashana. Auduga in ta ci wuta toka take zama, ka hura ta tashi. Wannan kuwa sai ya ƙanƙance, ya yi ƙaurin leda, ya bar wani baƙin ƙullutu mai tauri.

Ta jira ya huce, ta ɗauka ta sa masa a tafin hannu.

"Yaya, da roba a ciki, kuma ba kaɗan ba. Sai an kai ɗakin gwaji."

"Takardar kamfani ta ce auduga. Kumatuna ya ce auduga. Ke da ashanarki za ki ƙaryata mu?"

"Ba ni na ce ba, Yaya. Wuta ce ta ce."

Ya rage murya. "In kayan nan suka kwana biyu a nan, kwangilar ta tafi. Takarda na hannunki, babu mai tuhumarki. Ni na fa raine ki."

"Kai ka raine ni, shi ya sa ban iya rubuta abin da idona bai gani ba. Ka zage ni, ka kai ƙarata, duk na ɗauka. Amma zaren nan ba zai fita ta teburina da sunan auduga ba."

Yaya ya miƙe. Ya ce tunda haka ta zaɓa, kada ƙafarta ta sake taka gidansa.

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta da wani gida da take kira gida sai nasa. Amma ko gezau. Shugabanta ya kira ta ya ce ta sassauta, ai takardu sun cika. Ta miƙa masa biro ta ce, "Ranka ya daɗe, ga wurin sa hannu, in ka gamsu." Bai karɓa ba. Matar Yaya ta bugo waya tana kuka, gwaggonsu ta aiko a gaya mata ta cika taurin kai tun tana goye. Auta ta ce a gaishe da Gwaggo, a ce mata taurin yana nan bai ragu ba.

Sakamakon gwaji ya fito: audugar da ƙyar ta wuce rabi. Aka rubuta gauraye. Masu saƙa suka ce ba sa so, kwangila ta koma hannun wani abokin kasuwancin Yaya, wanda ya sayo irin zaren a kamfani ɗaya, ya shigo da shi ta wani tebur inda ba a ƙyasta ashana. Yaya ya karyar da nasa ga masu saƙa labule. Aka yi sunan jikarsa ta fari, ba a gaya wa Auta ba. Ranar ta rufe ƙofar ofis ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta kira na gaba a layi.

Bayan 'yan watanni labari ya ɓulla. Wani mai gasa burodi ya zura hannu a tanderu da sabuwar safa, safar ta narke ta manne masa a fata. Da auduga ce da babbakewa za ta yi ya yar. Aka bi sawun zaren tun daga masaƙa har tasha. Aka rufe shagon abokin, aka gurfanar da shi, jami'in da ya sa hannu ya rasa aikinsa. Bawan Allah mai burodi kuwa yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba.

Wata safiya Auta ta ɗago kai ta hango Yaya a bakin ƙofa, riƙe da sabon dunƙulen zare. Ya taho kai tsaye wurin teburinta.

"Akwai layi, Yaya," ta ce.

Ya dube ta, ya dubi mutanen da ke zaune a benci. Ya juya ya je ƙarshen benci ya zauna, babban mutum da shi, har aka zo kansa.

Ya ajiye zaren. Ya zura hannu a aljihu ya fito da baƙin ƙullutun nan da ta sa masa a tafin hannu rannan, ya ɗora a farantinta.

"Na je asibiti na ga hannun mutumin," ya ce. "Saura ƙiris ya zama zarena." Ya tura mata dunƙulen. "Ƙona min wannan."

Ta ƙyasta ashana. Zaren ya ci, ya bar toka mai laushi. Ta hura, tokar ta tashi.

"Wannan karon kumatunka ya yi sa'a," ta ce.

Ya yi dariya idonsa na ƙwalla. "In kin tashi ki biyo ta gida. Jikar nan sunanki muka sa mata, har ta fara zama ba ta san mai sunanta ba."

Darasi: Wanda ya ƙi yi maka ƙarya ba ƙinka yake yi ba, ko da a ranar ya ja maka asara. Idan an ba ka amanar faɗin sunan abu, faɗi sunansa na gaskiya, ko na ɗan uwanka ne, domin akwai hannun wani da ba ka sani ba da zai shiga wuta bisa dogaro da kalmarka. Ku tura wa duk wanda ake matsa wa ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka yake ba.