Nomau Mai Gawayi da Alkawarin da Ya Ɗauka

An yi wani mutum a wani ƙauye, ba sai na faɗi sunan garin ba, ana ce masa Nomau. Gawayi yake ƙonawa. Sana'ar da ya tarar da ubansa yana yi ke nan, da ita yake ciyar da iyalinsa.

To, sai damina ta fara yi musu wasa. Bana ta makara, baɗi ta zo da ambaliya, wata shekarar ta ɗauke gero yana bununi. Sai ga wasu mutane daga birni, suka tara jama'a a ƙofar mai gari, suka ce sare itatuwa da hayaƙi na cikin abin da ke jirkita yanayi. Duk wanda ya yi alkawarin barin gawayi, za a ba shi famfo mai aiki da hasken rana ya yi noman rani.

Nomau ya rasa gane kan zancen. Ya tambayi liman, liman ya ce ruwa na Allah ne. Ya tambayi malamin gona, ya ce hayaƙi ne. Wansa direba ya ce ai hayaƙin masana'antun wasu ƙasashe ne, ba nasa ba. Ya koma gida kansa ya ƙara ɗaurewa, ya ce da matarsa Tabawa, "Ni dai ban gane ba. Yaya ɗan hayaƙina zai hau sama ya kori hadari?"

Duk da haka ya tsaya gaban mai gari ya ce ya bari. Kusan kowa ya ce ya bari.

Ku saurara, a nan jarrabawar take. Ranin farko tsutsa ta cinye masa tumatir ƙarƙaf. Masu famfo sun tafi, ba mai dubawa. Maƙwabta kuwa tuni sun koma daji da gatari. Sai wani dillalin gawayi ya ga manyan itatuwan kirya uku a gonar Nomau, ya taya da tsada.

Tabawa ta ce, "Malam, rumbu ya yi ƙasa. Kai da bakinka ka ce ba ka gane maganar ba."

Ya ɗauki gatari ya tafi. Ya tsaya a gindin kiryar, ya daɗe. Idan mutanen birnin nan ne ke da gaskiya fa? Idan ba su ba ne fa? Ya bar yara da yunwa kan abin da bai sani ba? Can ya saɓa gatarinsa ya dawo.

Ya ce da Tabawa, "Maganarsu ban gane ta ba har yanzu. Amma tawa na gane ta. Cewa na yi na bari."

Kada ku zaci kashegari arziki ya sauko. Sun sha wuya. Sun sayar da akuya, sun wuni da kunu. Sai a rani na biyu albasa ta ɗan rufa musu asiri. Har ya koma ga Ubangijinsa, in aka tayar da zancen yanayi girgiza kai yake yi.

Jama'a, ga abin da nake nufi. Ruwa na Allah ne, ƙasa kuma amana ce a hannunmu, babu saɓani tsakanin biyun. Ba sai ka fahimci komai za ka riƙe gaskiya ba. Mu nawa a nan muka karɓi tallafi, muka ce "na yarda," alhali zuciya ta san ba za mu cika ba? Ranar da ba mai dubawa, ranar ake sanin nauyin bakin mutum. Kowa ya binciki nasa kafin ya tashi daga tabarmar nan. Allah Ya sa mu cika.