Yadda Kurege Ya Rubuta Mutuwarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya kife wayarsa.

Ta zo mu ji ta, mun kife.

To, a shekarar da namun daji suka samu waya, sai suka buɗe wani kundi a cikinta, suka raɗa masa suna Kundin Kowa. Duk abin da ka sani, ka shiga ka rubuta. Wani ya gani bai yi masa ba, ya shiga ya goge. Aka ɗora Kunkuru a kan tsaro, don shi ba ya fushi, ba ya sauri, ba ya jin magiya. Ya ce kada wanda ya rubuta abu ba madogara, wato sai wani sananne ya faɗe shi a bainar jama'a. Kada wanda ya kwashi maganar wani ba izini. Shafinka kuma, ko ƙarya aka yi maka, ba da hannunka za ka gyara ba.

Ana nan, ana nan, sai tsohon Ɓauna ya mutu. Kurege ya je gaisuwa. Ya ga waina, ya ga gumba, ya ga dabino, ya ga gyaɗa ƙwarya-ƙwarya, duk sadaka. Yawunsa ya tsinke. Kada ku ce yunwa ce, yana da rumbun gyaɗa cike maƙil a raminsa, noman shekara guda. Kwaɗayi ne tsagwaronsa. Ya koma gida yana ta saƙe-saƙe: ashe haka ake sha gata in an mutu, ga shi mamacin ko loma ba ya samu. Ya ce shi kam da shi za a ci tasa sadakar.

Ya buɗe sabon suna a Kundi, wai Mai Gaskiya. Ya shiga shafin Kurege ya rubuta: Kurege ya rasu. Don tausayi ya ƙaru, ya daɗa da cewa maraya ne, bai bar kowa ba a duniya. Bai tsaya nan ba, ya kwaso kirarin da Kwaɗo mawaƙi ya yi wa Zaki, ya cire Zaki ya sa Kurege. Ku ji fa, wai Kurege ne mai rurin da ke girgiza dutse.

Kunkuru ya zo a hankali ya karanta. Ya fara cire kirarin, ya ce wannan gumin Kwaɗo ne, Kwaɗo kuma bai ba da aro ba. Sannan ya goge mutuwar, ya rubuta: ina madogara?

Kurege ya rubuta, Kunkuru ya goge. Kurege ya rubuta, Kunkuru ya goge. Ya rubuta da manyan baƙaƙe, aka goge da manyan baƙaƙen. Har yatsunsa suka yi tsami.

Sai ya tuna da Aku. Aku shi ne mai ba da labarai, kullum da hantsi yakan hau kuka ya karanta wa daji abin da duniya ke ciki. Kurege kuwa ya san sirrinsa: malalaci ne, ba ya zuwa ko'ina, Kundi yake leƙawa ya kwashe. Kurege ya laɓe a gindin kuka. Da ya ga Aku ya ɗauko waya, caraf ya mayar da mutuwar. Kafin Kunkuru ya miƙo wuya, Aku ya gyara murya ya shelanta cewa Kurege ya riga mu gidan gaskiya. Hankaka ya ji daga bakin Aku, ya tashi ya kai labarin bakin rafi.

Mai Gaskiya ya koma Kundi da rawar jiki, ya liƙa Aku, ya liƙa Hankaka. Madogara biyu ke nan. Kunkuru ya duba, ya sake dubawa, ya ce to, Allah ya jiƙan Kurege, ya bar maganar a shafi.

Kurege ya yi birgima a toka, ya naɗa ƙaton rawani, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar raminsa. Duk wanda ya zo, ya ce masa shi ƙanen marigayi ne daga gabas. Aka yi ta kawo waina, aka yi ta kawo gumba. Ana yi masa gaisuwa, yana amsawa da baki cike. In loma ta shaƙe shi hawaye ya zubo, sai mata su ce wayyo, dubi yadda yake son ɗan'uwansa. Ya ci, ya ci, ya ci, har rawanin ma ya ji ya matse shi.

Da aka watse, sai ga Gafiya maƙwabciyarsa da 'ya'yanta reras, kowa da ƙunshinsa a ka. Ta ce rami da rumbu sun zama na maƙwabci, tunda marigayi ba shi da magaji. Mai rawani ya ce shi fa? Ta juyo masa da waya.

“Kundi ya ce bai bar kowa ba. Kai a wane shafi kake?”

Ta wuce ciki. Yana tsaye yana jin ƙarar ɓawon gyaɗarsa, ƙas, ƙas, ƙas. A nan fa dariya ta ƙare masa, don damina da sauran nisa.

Ya yar da rawani, ya faɗa rafi ya wanke toka, ya fito fes. Zomo ya hango shi ya ce fatalwa, ya ranta a na kare. Barewa ta bi bayansa. Kurege ya garzaya wurin Kunkuru ya tsaya ƙiƙam a gabansa.

“Malam Kunkuru, ga ni.”

“Na gan ka.”

“To a gyara.”

“Abin da idona ya gani ba ya shiga Kundi. Wa ya faɗa?”

“Ni na faɗa.”

“Kai kuma ba ka da baki a shafinka.”

Kurege ya fallasa kansa, ya ce shi ne Mai Gaskiya. Kunkuru ya ce madalla, ya toshe sunan Mai Gaskiya, mutuwa kuwa tana nan daram da madogararta. Kurege ya je wurin Aku ya roƙe shi ya faɗa wa daji yana raye. Aku ya leƙa waya ya ce Kundi bai ce haka ba. Ya ƙara da cewa ko da gaske ne, a ce Kurege yana da rai ai ba labari ba ne, wa zai saurara?

Kurege ya zauna ya yi tagumi. Daga nesa yana jin ƙas, ƙas, ƙas. Can sai ya yi tsalle ya ce, ashe labari ake so.

Da hantsi daji ya taru a gindin kuka. Aku ya gyara murya, ga ƙoƙon dabinonsa a gefe. Yana tsakiyar bayani kan farashin ciyawa, sai Kurege ya haye kuka, ya sure ƙoƙon, ya haɗa da jan gashin wutsiyar Aku ya tuge, ya tsaya kan reshe yana taunawa don kowa ya gan shi da kyau.

“Kurege ɓarawo! Jama'a, Kurege ya sace mini dabino!”

Hankaka bai jira ƙarshe ba, ya kwasa sai bakin rafi. Kafin rana ta take, Kunkuru ya shiga Kundi a hankali ya rubuta: Kurege yana raye. Ɓarawo ne. Ya liƙa Aku, ya liƙa Hankaka.

Gafiya ta fito tana ƙunƙuni da 'ya'yanta, kowa tumbi ya yi gaba. Kurege ya leƙa rumbu, ya tarar an ci rabi, rabi na nan. Ya yi ajiyar zuciya. Sai kuma ya koma wurin Kunkuru yana murmushi, ya ce layin farko ya yi kyau ƙwarai, na biyun ne dai in da hali a ɗan goge.

Kunkuru ya ce da hali mana. Amma bakin da ya ce ɓarawo ne, shi ne bakin da ya nuna yana raye. In an cire ɗaya, ɗayan ba shi da abin tsayawa, sai a koma kan mutuwa.

“Zaɓi ɗaya, ka mutu da mutunci ko ka rayu ɓarawo.”

Kurege ya waiga. Gafiya ba ta yi nisa ba, ta ajiye ƙunshinta a bakin hanya tana sauraro.

“A bar shi,” in ji Kurege. “Ai rubutun ma ya yi kyau.”

Ƙurunƙus kan ɗan kurege mai toka. Don haka, yara, duk wanda zai rubuta mutuwarsa a cikinku, ya fara kulle rumbunsa. Ku tashi haka nan, na ga wata tana laluben waya a ƙarƙashin zane.